Tsohon fom ɗin SharePoint ɗinmu a Jidda: in gyara ko in gina sabo?

Ɗan Sharafiyya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki a wani kamfanin hidimar masu Umara a nan Jidda, ni ke kula da SharePoint Online ɗinsu, wato dandalin Microsoft da suke ajiye bayanai a kai. Wanda ya riga ni da InfoPath, tsohuwar manhajar Microsoft ta gina fom, ya gina fom ɗin bayanan baƙi. Yanzu jerin ya haura layi 5,000, da zarar ma'aikaci ya tace da sunan wakili sai shafin ya ƙi buɗewa, ga fasfo jibge a gabansa. Mudir kuma so yake ranar sauka ta fito da Hijiriyya, alhali wakilanmu na Kano da Yamai da Miladiyya suke aikowa. In zauna in rubuta komai da SPFx, wato tsarin rubuta wa SharePoint kod, ko akwai hanya mafi kusa?

Baban Riyad:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka ƙara zuba wa InfoPath ƙarfinka, 14 ga Yuli 2026 ne wa'adin da Microsoft ta yanka masa. Mayar da fom ɗin Power Apps, sabuwar manhajar Microsoft ta gina fom, amincewar mudir kuma ta bi ta Power Automate, mai tafiyar da matakan aiki kai tsaye.

Batun 5,000 ba cikar jeri ba ne, jeri guda na ɗaukar har miliyan 30. Iyakar abin da tambaya ɗaya za ta leƙa ce. Sa indeks, wato saitin da ke saurin nemo layi, a gurbin wakili da na ranar sauka, sannan tacewar farko a kowane nuni ta zama a kan gurbi mai indeks, ta dawo da ƙasa da 5,000. Wannan ba ya buƙatar kod ko layi ɗaya. Na sha ganin an rubuta manhaja guda a kan abin da saiti ke warwarewa, mai ita ya tafi, kamfani ya rasa mai taɓa ta.

Maman Misfala:
Malam, ranar saukar nan ita ta fi damuna, don da ita ake lissafin kwanakin bizar mutum. Don Allah kada ka adana Hijiriyya a matsayin rubutu. In ka yi haka ba za ta jeru daidai ba, ba kuma za ka iya ƙirga kwanaki da ita ba. Bar ta a gurbin kwanan wata na Miladiyya, wajen nunawa kaɗai za ka juya ta. A nan ne ƙaramin SPFx ke da amfani: Intl.DateTimeFormat na JavaScript ya san kalandar islamic-umalqura, wato Ummul Ƙura da hukumomin ƙasar nan ke bi.

Ka kuma kula da sa'a. SharePoint da UTC, wato agogon duniya na bai ɗaya, yake ajiye lokaci, mu kuwa muna gaba da awa 3. Jirgin da ya sauka ƙarfe 1 na dare, Power Automate zai karanto shi a ranar jiya sai ka juya shi da convertTimeZone zuwa Arab Standard Time.

Ɗan Sharafiyya:
Allah ya saka da alheri Baba, na sa indeks ɗin, nunin wakilan Kano ya buɗe. Hajiya, saura guda: gurabun da Larabci aka raɗa musu suna, a cikin kod sai in ga _x0627_ da ire-irensa a jere. Ana iya gyarawa?

Maman Misfala:
Sunan ciki, wanda kod ke gani, ba ya canzuwa bayan an ƙirƙiri gurbi. Buɗe sababbi da harufan boko, ba tazara, daga baya ka mayar da sunan da ake gani Larabci, ka kwashe bayanan. Yi shi kafin Ramadan ya matso, don lokacin ba wanda zai ba ka jerin ko na awa ɗaya.