"Samar da furotin" ko "ƙirar furotin"?

1/ Ma'aikatan ɗakin gwaji da masu fassara, ku matso. Ina yawan ganin "samar da furotin" a matsayin Hausar protein synthesis. Ni dai ban gamsu ba, kuma filatilet ne suka hana ni gamsuwa.

2/ Filatilet, masu taruwa a bakin rauni su tsayar da jini, ba su da cibiya, wato ma'ajiyar DNA da ke tsakiyar ƙwaya. Gutsattsari ne da ke ɓallewa daga wata babbar ƙwaya a cikin ɓargo, su yi kwana 7 zuwa 10 suna yawo a jini. Da guzurinsu suke fitowa: furotin cike a 'yan jakunkuna, da an ji ciwo su zazzage shi. To, wannan ma ai samarwa ne. Amma tun 1967 aka nuna cewa suna yin sabon furotin da kansu, da saƙon RNA da suka gada daga uwar ƙwayar.

3/ Duk wahalar gwajin, raba sabo da na ajiya ne. Akan ba su metayonin, ɗaya daga amino asid da ake jerawa a yi furotin, wanda aka yi wa alama da salfa-35 mai fitar da radiyeshan; furotin da ya fito da alamar, yanzu aka yi shi. Wasu kuma sinadarin furomaisin suke sawa, ya maƙale a wutsiyar furotin da ake cikin yi, a bi sawunsa a kamo. Sai a zuba saikuloheksimaid, mai tsayar da aikin cak. In alamar ta ɓace, ba shakka sabo ne. Kafin duk wannan sai an tsame fararen ƙwayoyin jini ta amfani da 'yan duwatsun maganaɗisu, don kaɗan daga cikin fararen sun isa su ɓata sakamakon.

4/ To, wace kalma za ta maye "samarwa"? "Haɗawa" gauraya take kawowa a rai. Wata 'yar'uwa ta kawo "saƙa", kalma mai daɗi, sai dai ba zare biyu ake gittawa ba, layi ɗaya ake jera amino asid kamar carbi.

5/ Na tsaya a kan "ƙirar furotin". Ba a ƙera abin da ke ajiye. Raibosom kuma, inda ake jera amino asid ɗin, ya zama maƙera, ba tare da an ja shi da ƙarfi ba. Fitar da na ajiya, mu ce masa "saki".

6/ Saura filatilet ɗin kansa. An ce "matoshin jini", amma a kunnen majinyaci wannan sunan cuta ne. Wa ke da wata kalmar?