Hoton ƙirji: bidiyon wa zan bi in iya karantawa?

Dakta Nura, Jizan: Salamu alaikum manyanmu. Wata huɗu ke nan da aka turo ni wani ƙaramin asibiti a nan kudancin Saudiyya, ɗawari nake, wato sashen gaggawa, kuma rabin dawam ɗina, lokutan aikina ke nan, na dare ne. Da rana akwai likitan ashi'a, mai karanta hotuna, da dare kuwa daga ni sai kwamfuta. Shekaranjiya aka kawo wani yaro da ya faɗi a babur, aka ɗau hoton ƙirjinsa yana kwance, na duba na ce lafiya lau. Da safe istishari, wato babban likita, ya kira ni ya nuna mini iska ce ta taru tsakanin huhu da haƙarƙari. Allah ya rufa asiri an sa masa tiyo ya samu sauƙi, amma ni har yau kunyar ba ta sake ni ba. Don Allah bidiyon wa zan bi daga tushe? Na shiga YouTube na rasa na kamawa.

Abu Khalil, Riyad: Wa alaikumus salam. Eric Strong, tasharsa Strong Medicine. Likita ne da ke koyarwa a Stanford, Amurka. Yana da darasi goma a jere kan hoton ƙirji, na ƙarshen gwajin kai ne. Fara daga na ɗaya, kada ka yi tsalle.

Dakta Sa'adatu, Ɗa'if: Na goyi bayan Abu Khalil. Mutumin ba ya sauri, Turancinsa ba ya wahalar da kunne, kuma yana tafiya da tsari irin na ABCDEF ɗin nan: hanyar iska, ƙasusuwa, zuciya, dayafram (shimfiɗar tsokar da ta raba ƙirji da ciki), kogon tantanin huhu, sannan huhun kansa. Ni da shi na shirya wa jarrabawar hai'a, hukumar lasisin likitoci.

Baba Likita, Jidda: Nura, sannu da jarrabawa. Kafin a cika ka da sunayen tashoshi, bari mu koma kan yaron nan, don a nan darasinka yake. Mutum in yana tsaye, iskar da ta kuɓuce wa huhu sama take hawa, sai ka ga siririn layi kusa da kan huhu, bayansa baƙi ƙirin babu jijiya ko ɗaya. In yana kwance rigingine kuwa, samansa ya koma gaban ƙirji da wajen ƙasa. To sai ka ga kusurwar nan ta gefe, inda dayafram ya haɗu da haƙarƙari, ta zurma ƙasa ta yi baƙi fiye da 'yar uwarta. Kai ka je neman layi a sama, ita tana ƙasa tana kallonka. Koma ka buɗe hoton yau, ka kwatanta kusurwar dama da ta hagu, ka zo ka ba mu labari.

Dakta Nura, Jizan: Ranka ya daɗe yanzu na buɗe. Wallahi ga ta nan ɓaro-ɓaro a hagu. Innalillahi.

Baba Likita, Jidda: To ka gani. Ba za ka ƙara mantawa da ita ba.

Injiniya Kabiru, Dammam: Ni fa gyaran injinan nake yi, karatun hoton naku ne, amma ina biye.

Dakta Mustafa, Abha: Ni kam ra'ayina daban, a yi mini afuwa. Bidiyo yana da yaudara. Kana kishingiɗe da shayi, malami ya zana kibiya ya ce ga cutar nan, ka gyaɗa kai ka ce ai kuwa ga ta. Ranar da aka ajiye maka hoto babu kibiya sai ido ya raina fata. Na kalli darussan Strong sau biyu ina Zariya, na zo nan na tarar ban iya komai ba. Abin da ya buɗe mini ido Radiopaedia ne. Wani likitan Ostireliya, Frank Gaillard, ya kafa shi a 2005, hotunan marasa lafiya ne dubbai kyauta, kowanne da bayaninsa. Ka buɗe, ka rufe bayanin, ka rubuta naka a takarda, sannan ka duba. Biyar kullum. Kwasa-kwasansu na bidiyo na kuɗi ne, amma suna da tasha a YouTube, Radiology Channel, ita ba ko riyal.

Dakta Sa'adatu, Ɗa'if: Dakta Mustafa, ai wanda bai san harafi ba ba a ba shi allo a ce ya yi tilawa. Ya fara da bidiyon ya samu tsari tukuna.

Dakta Mustafa, Abha: Ban ƙi ba. Sharaɗina ɗaya: duk sanda hoto ya fito a bidiyon, ya tsayar, ya faɗi abin da ya gani da bakinsa kafin malamin ya yi magana. In ba haka ba kallon fim yake yi.

Anti Rabi, Makka: Likitoci kun gama? To ku ba mai ɗaukar hoton dama. Shekara sha ɗaya ina wannan aiki, kuma rabin kuskuren da nake ganin sababbinku na yi daga rashin duba ingancin hoton ne. Ɗana Nura, kafin ka nemi cuta ka tambayi hoton kansa abu uku.

Ta ina aka ɗauka? Na ƙa'ida mutum yana tsaye, ƙirjinsa manne da allo, haske ya shigo ta baya daga nisan santimita 180. A irin wannan ne kawai za ka auna zuciya ka ce in ta wuce rabin faɗin ƙirji ta yi girma. Wanda muke ɗauka a gado da injin turawa ta gaba haske ke shiga, zuciya kan fito ƙatuwa ko da lafiyarta ƙalau. Sau nawa nake ganin an rubuta wa tsoho kumburin zuciya a kan hoton gado!

Ya karkace? Dubi kawunan ƙasusuwan nan biyu na ƙasan wuya, tazararsu da tsakiyar ƙashin baya ta zama daidai. In ya karkace, huhu ɗaya zai fi ɗaya duhu, ka yi ta neman abin da babu.

Ya ja numfashi sosai? Ƙirga haƙarƙarin gaba, biyar zuwa bakwai a saman dayafram. In bai ja ba, ƙasan huhu zai cushe ya yi fari kamar nimoniya. Lokacin aikin Hajji nan ne muke shan fama. Abokiyar aikina ta yi ta ce wa wata tsohuwa "khuzi nafas", tsohuwa na kallonta. Na leƙo na ce, Iya, ja numfashi ki riƙe kamar za ki nutse a rafi. Hoto ya fito tas. Ashe 'yar Gumel ce, har goro ta ba ni.

Radiology Masterclass na Ingila sun yi bayanin wannan da kyau, rubutu da hotuna ne, ba ya cin data.

Abu Khalil, Riyad: Anti Rabi ta gama magana. Allah ya ƙara girma.

Dakta Nura, Jizan: Na gode Anti, na kwafe duka. Ga wani da ya zo daren jiya, ku taya ni gani.

Dakta Sa'adatu, Ɗa'if: Nura goge maza! Sunan mutumin da lambar fayil ɗinsa suna saman hoton. Ka yanke su kafin ka turo, kuma ka tabbata dokar wurin aikinka ta yarda. A ƙasar nan irin wannan yana iya cin lasisin mutum.

Dakta Nura, Jizan: Subhanallah, na goge. A gafarce ni. Bari in faɗa da baki: dattijo, zazzaɓi da tari kwana huɗu, fari a ƙasan huhun dama, gefen zuciya na dama ya ɓace ba a ganin iyakarsa, amma dayafram ana ganinsa sarai.

Baba Likita, Jidda: Kai da kanka ka ba da amsa ba ka sani ba. Abu biyu masu kauri ɗaya in suka jingina da juna, iyakar da ke tsakaninsu ɓacewa take yi a hoto. Zuciya ana ganin gefenta ne don huhu mai iska na kusa da ita. To wane sashe na huhun dama ne ke jingine da zuciya?

Dakta Nura, Jizan: Na tsakiya.

Baba Likita, Jidda: Shi ke nan, nimoniya a sashen tsakiya. Da dayafram ne ya ɓace, zuciya ta fito, sai mu ce sashen ƙasa. A hagu kuwa ɗan ɓangaren nan mai kama da harshe na sashen sama shi ke shafe gefen zuciya. Benjamin Felson na Cincinnati ne ya yaɗa wannan ƙa'ida tun 1950, kuma littafinsa na koyon hoton ƙirji, wanda aka tsara tambaya da amsa, da shi muka koya zamanin da ake ɗaga fim a jikin fitila. Har gobe ban ga bidiyon da ya fi shi ba, amma na san 'ya'yan yanzu da takarda sai a hankali.

Dakta Mustafa, Abha: Baba a yi mana adalci, muna karatu a waya.

Ustaz Usman, Madina: Salamun alaikum ya jama'a. Ni na Mai Wurno ne ta Sudan, a Wad Madani na yi karatu, ku yi haƙuri da Hausata. Abin da zan ƙara: malaman bidiyon nan suna koyar da cutar ƙasarsu. Za su yi minti ashirin a kan cutar masu shan taba, tarin fuka su ba shi minti biyu. Mu kuwa shi ne abincinmu. Nura, a wurinka ma'aikata baƙi da masu shigowa daga Yaman suna da yawa, duk hoton da ka buɗe ka leƙa saman huhu, bayan ƙashin wuya, ka nemi rami. Akwai kuma mai watsuwa ko'ina, ƙananan ɗigo milimita ɗaya zuwa uku. Sunansa na likitanci ma daga kalmar gero ta Latin aka samo shi. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayani, kamar an watsa gero a tabarma ne. Amma a tambayi sana'a: wanda ya yi shekaru yana haƙar zinariya ko fasa dutse, ƙurar kan bar ɗigo a saman huhu mai kama da wannan, kuma shi ɗin ya fi kowa saurin kamuwa da tarin fukan. Sannan makiyayi mai tumaki da karnuka in ya zo da ƙullutu zagayayye sumul kamar ƙwallo, a tuna da jakar tsutsar kare, kada a soka mata allura.

Dakta Sa'adatu, Ɗa'if: Ustaz Hausarka ta fi ta wasunmu. In ƙara da sikila, tunda yankin Jizan na cikin inda take da yawa a ƙasar nan. Mai sikila da zazzaɓi da ciwon ƙirji, hoton farko yana iya fitowa lafiya, gobe ka ga ƙasan huhu ya yi fari. Kada hoton farko ya sa ka sallame shi.

Abu Khalil, Riyad: Da MERS, cutar numfashin nan ta raƙuma. A Jidda aka fara gano ta a 2012. Mai hulɗa da raƙuma, zazzaɓi, numfashi sama-sama, hazo a ƙasan huhu ta gefe-gefe: a killace tukuna, a yi gardama daga baya.

Maryam, ɗaliba, Jidda: Ina wuninku. Ni ajin ƙarshe nake, siti sikan ne ke ruɗa ni. Hazo, saƙar zuma, reshe mai toho, duk sun cakuɗe mini.

Dakta Mustafa, Abha: Radiology Assistant, na likitocin ashi'a na ƙasar Holan. Babinsu na siti mai siraran yanka, da zane-zanen da ke nuna ƙaramin ɗakin huhu da abin da ke tsakiyarsa da na gefensa. In kika gane wannan ɗakin, sauran duk tambaya ɗaya ce: cutar a tsakiya take, a bango, ko ko'ina? Hazo fari ne da ake hango jijiyoyi ta cikinsa. In ya rufe jijiyoyin ya zama curi. Saƙar zuma ramuka ne jere a kan juna a gefen huhu, alamar tabo ne da ba ya komawa. Reshe mai toho ƙananan hanyoyin iska ne da suka cika da majina ko ruwan ƙwayar cuta, a wajenmu a fara tunanin tarin fuka. In kina son ma'anar kowace kalma daidai, ƙungiyar Fleischner ta masana hoton ƙirji na da ƙamus, na 2008, sun sabunta a 2024.

Injiniya Kabiru, Dammam: Nan kam ina da ta cewa. Hoton ƙirji ɗaya kusan 0.1 ne a ma'aunin milisibat na hasken injin da jiki ke sha, siti na ƙirji kuwa wajen shida zuwa bakwai. Don injin na kusa kuma inshora na biya, ba shi ne a tura kowa ba.

Baba Likita, Jidda: Injiniya ya yi gaskiya. Nura, abu na ƙarshe daga gare ni, ina da asibiti da sassafe. Wanda bai ƙoshi da ganin lafiyayyen ƙirji ba, ba zai gane marar lafiya ba. Kuna da taska a hannu: hotunan gwajin iƙama, takardar zaman ƙasa, yawancinsu na lafiyayyun matasa ne. In dare ya yi tsit, buɗe ashirin, bi tsarinka a kan kowanne, ka ƙare da wuraren ɓuya: saman huhu, bayan zuciya, ƙasan dayafram, da inda manyan jijiyoyi ke shiga huhu. Da safe kuma kafin ka tafi barci, ka ɗau kofi biyu ka je wurin istisharin nan da ya kama ka, ku bi hotunan darenka tare, minti goma.

Dakta Nura, Jizan: Ranka ya daɗe mutumin fa fuskarsa ba annuri.

Anti Rabi, Makka: Haɗa da dabino. Ba likitan ashi'ar da ke ƙin mai tambaya, zaman duhu ne ya sa su haka.

Dakta Sa'adatu, Ɗa'if: To tunda abin ya karɓu, me zai hana mu mai da shi duk Juma'a bayan la'asar? Mutum ɗaya ya turo hoto daga Radiopaedia, kowa ya faɗi nasa, amsa sai bayan isha'i.

Ustaz Usman, Madina: Na ɗau Juma'ar farko.

Dakta Mustafa, Abha: Sharaɗi: Baba Likita ba zai yi magana ba sai kowa ya gama.

Baba Likita, Jidda: Na yarda, in dai Nura ne zai fara.

Maryam, ɗaliba, Jidda: Dakta Mustafa, na shiga shafin Holan ɗin, babi biyu na gani kan siti. Wanne zan fara?

Dakta Mustafa, Abha: Na tushen karatun. Ɗayan ki bar shi sai kin iya zana ɗakin huhun nan da ka.