Masu gurin wankin mota, tsakani da Allah nawa ake samu?

Abban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema gurin waɗanda suka taɓa yi da hannunsu. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, albashin ba ya kai ni ashirin ga wata, to an raba mana gado na samu miliyan biyu da rabi, kuma akwai wani fili a Hotoro bakin titi da za a ba ni haya dubu 400 a shekara, an yi masa daɓen siminti amma babu bohol. Abin da nake so ba wankin ruwa da omo kawai ba ne, irin wanda ake cire kujeru a wanke kafet da rufi, a goge fitilu, a yi wa jiki folish da inji, ditelin dai. Bayan an fitar da kuɗin ruwa da mai da na yara nawa ke saura a wata? Zai kai in ajiye alli ko in riƙe biyun? Mai filin ya ce in ban biya zuwa ƙarshen wata ba akwai mai so.

Ɗan Kurna: Malam ka sayi adaidaita ka ba da balas ka huta

Sadiq Rijiyar Zaki: Miliyan biyu da rabin ce za ta sayi adaidaita yanzu? Sai dai 'yar hannu da ta sha wuya. Kai ka san kasuwa kuwa

Oga Bash: Wa alaikumus salam. Ni ina da guri a Zoo Road, da yara huɗu. Ƙaramar mota ciki da waje dubu 2 muke karɓa, jif dubu 3, wankin inji daban. Ranar da kasuwa ta yi kyau, Juma'a da safe ko Asabar, mukan wanke mota ashirin har sama, ranar Talata kuwa wani lokacin takwas ma da ƙyar. Tsarina kashi uku nake yi, ɗaya na yara, ɗaya na mai da sabulu da gyaran inji, ɗaya nawa. In wata ya yi albarka nakan ga dubu 250 zuwa 300 a hannuna, in ya yi tsiya 120. Amma fa ni bohol ɗina ne kuma da sola nake jan ruwa, wannan ne ya rufa min asiri tun da aka cire tallafin mai a 2023, lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta je ta haura dubu, waɗanda suke jan ruwa da janareto da yawa a layinmu sun nannaɗe tabarmarsu.

Mai Kano Jiddah: Dubu 2 a Zoo Road?? Oga wace shekarar kake magana, jiya jiyan nan na biya dubu 3 da ɗari 5 a Corolla

Oga Bash: Ka zo gurina mana

Nura Sharaɗa: A unguwarmu har gobe dubu 1 da ɗari 5 ne, kuma fes

Hajiya Ummi: A Nassarawa GRA dubu 45 na biya aka yi wa motata irin wanda mai tambaya yake faɗa, kwana ta yi a gurinsu. Yara sun zubar min da fura a kujerar baya ta yi tsami, wlh da aka dawo da ita ko ɗuriyar warin babu. Ni dai ban ga tsadarsa ba.

Ɗan Kurna: Dubu 45 Hajiya? Ai wannan har da wankan jego aka yi mata 😂

Baban Walid: Ƙanina Abban Hanifa ka tsaya ka ji ni, ni na yi, kuma irin naka na yi, a kan Maiduguri Road, ba nisa da inda kake magana. Na sayi injin feshi, na sayi na zuƙe ƙura, na sayi na folish, na sa rumfa na yi fenti har da allo mai fitila. Watannin farko komai lafiya, dillalan mota suka gano ni, suna kawo min 'yan Kwatano a gyara su su yi ƙyalli kafin a kai su filin sayarwa, har na fara tunanin buɗe na biyu. Ranar nan na tafi ɗaurin aure Wudil, wani Alhaji ya aiko direbansa da jif, ya ce ciki da waje kawai. Yaron da na fi yarda da shi, don neman a yaba masa, ya buɗe bonet ya saka wa injin ruwa da ƙarfi kai tsaye, bai rufe komai da leda ba, injin ma da zafinsa. Aka gama mota ta ce ba ta san zance ba. Aka kira rewaya ya jona kwamfuta ya ce ruwa ya shiga birenbos, wato kwamfutar da take sarrafa injin motar. Kafin in dawo gari Alhaji ya zo da 'yan sanda, yaron kuwa ya tsallake katanga ya bar min silifas ɗinsa ƙafa ɗaya a bakin rami, har yau ban sake ganinsa ba, na je garinsu uwarsa ta ce ai ita ta ɗauka yana gurina.

Muka yi ta yawo Kofar Ruwa neman birenbos irin nata, wanda aka samu na farko bai yi ba, na biyu sai da aka sake mata makulli. Kuɗin kaya da na aiki da na belin kaina da na hayar motar da Alhaji ya ce sai na biya masa na kwanakin da tasa ta yi a ajiye, abin ya haura dubu 900. Injinan na sayar na biya. Kuma abin da ya fi ƙona min rai, bayan na tashi da wata biyu na wuce ta gurin sai na ga ɗan mai filin a zaune kan bencina, ƙarƙashin rumfata, allon ma bai sauke ba sunan kawai ya goge.

Maman Khairat: Innalillahi, Allah ya mayar maka da alheri

Sadiq Rijiyar Zaki: Amin. Amma Baba ka kai mai filin ƙara mana, rumfar ai taka ce

Baban Walid: Da wace takardar? Da baki muka yi, abokin mahaifina ne

Injiniya Kabiru: Abin da nake gaya wa mutane kenan kullum, motocin yanzu ba irin 504 ba ne da za ka kwara mata bokiti ta tashi. Duk sensa ne da soket. In dole sai an wanke inji a bari ya huce, a rufe altaneta da akwatin fiyus da gurin shan iska, a fesa maganin maiƙo a goga da buroshi, a ɗauraye da ruwa kaɗan, a busar da iska. Haka folish, in yaro bai iya ba ya tsaya guri ɗaya da injin zai cinye saman fentin, musamman a kan kusurwa, kuma ba ya gyaruwa sai an sake fesawa.

Oga Bash: Injiniya ka taɓa riƙe gurin wanki?

Injiniya Kabiru: Ban taɓa ba amma ni ake kawo wa motocin da kuka kashe

Oga Bash: To mai tambaya cewa ya yi waɗanda suka yi da hannunsu

Nura Sharaɗa: In haka ne ai Baban Walid ma ba za a ji tasa ba tunda ya karye, kai kuma ba za ka faɗi gaskiyar cinikinka ba saboda masu haraji suna karantawa

Baban Walid: Yaro wanda ya faɗa rijiya shi ya san zurfinta

Zee Tarauni: Ni mijina ditelin ɗin yake yi amma ba shi da fili, gida gida yake bi da kayansa a but, shi da yaro ɗaya. Ta WhatsApp da Instagram ake kiransa, yawanci Bompai da GRA da ma'aikatan banki. Ruwa da wuta na mai gida ne. Daga dubu 20 zuwa 35 yake karɓa gwargwadon mota, sai dai ku sani mota ɗaya cin yini take, cire kujeru kawai da mayarwa aiki ne, ga jiran kafet ya bushe, da damina in aka mayar da shi da danshi bayan kwana biyu mai mota zai kira yana faɗa wai tana warin ruma. A sati yakan samu huɗu ko biyar, wani satin ɗaya tal. Kayan shafe shafen kuma daga Legas yake saro su, duk sanda dala ta motsa sai sun motsa. Gab da sallah da lokacin bukukuwa ne har sai ya ƙi karɓar wasu.

Abban Hanifa: Na gode ƙwarai Hajiya Zee, wannan ya fi kusa da abin da nake tambaya. To shi a wata nawa yake tsira da shi? Kuma Oga Bash in babu bohol, sayen ruwan tanka zai fitar da ni?

Zee Tarauni: Wannan kuma sai shi, ni dai ba a fasa cefane ba 😄

Ɗan Kurna: Akwai namijin da yake gaya wa matarsa cinikinsa ne

Mai Kano Jiddah: Da hunturu ake kuɗi a sana'ar nan, ka wanke da safe kafin la'asar ta koma kamar an tono ta

Oga Bash: A'a, da hunturu mutane cewa suke me za a wanke gobe ma ƙura ce, sai su sa maigadi ya kaɗe da tsumma. Damina ta fi, taɓo ba ya kaɗuwa

Mai Kano Jiddah: Da damina kuma hadari na haɗowa kowa ya fasa

Malam Sabo Gyaɗi-Gyaɗi: Tunda an zo maganar ruwa bari in faɗi tawa. Ku masu wankin mota kuna tuna maƙwabta kuwa? An buɗe mana ɗaya a bakin layi, ba su yi magudana ba, ruwan omo da baƙin mai duk cikin lungu yake gangarowa, ƙofar gidana ta zama fadama rani da damina, sauro kuwa ba a magana, tsohuwata ta zame a gurin tana dawowa daga islamiyya sai da aka yi mata ɗori. Sannan tun da suka haƙa bohol ɗinsu mai zurfi rijiyoyin layin suka ja baya, mu da muke da ruwa a gida yanzu 'yan garuwa muke jira, su kuma suna wanke taya da shi.

Nura Sharaɗa: Malam Sabo ba su kaɗai ba ne, kowane gida yanzu bohol yake haƙawa, famfo rabonmu da shi a layinmu tun ina sakandare

Maman Khairat: Mu jarka 150 muke saya

Sadiq Rijiyar Zaki: 150? Ina ne nan in dawo, mu 250 kuma sai ka yi wa mai kura magiya

Malam Sabo Gyaɗi-Gyaɗi: Mun je gurin mai unguwa sau ba adadi, ya kira mai gurin, ya ce za a gyara bayan sallah, ba a dai faɗi wace sallar ba

Oga Bash: Ni dai nawa da kwalbati na haɗa shi, kar a yi mana kuɗin goro

Abban Hanifa: Jama'a maganar ruwan tankar fa? Mai filin ya sake kirana ɗazu

Maman Khairat: Sadiq wace unguwa ce 250, jarka babba ko ƙarama?