Me ya sa wasunmu muka manyanta ba mu iya tuƙin mota ba?

Baban Sadik, Kano:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in kawo shi nan inda ba wanda ya san fuskata. Shekarata 46, ma'aikacin gwamnati ne ni, ina da iyali, amma har yau ban taɓa jan mota ko daga ƙofar gida zuwa bakin titi ba. Shekara uku da suka wuce na haɗa kuɗin adashi da bashin ofis na sayi Corolla 'yar Kwatano, da niyyar in koya cikin wata guda. Motar tana nan. Ƙanena ne yake kai ni aiki, ranar da ba ya nan kuma sai in lulluɓe ta da tamfol in fita in tari A Daidaita Sahu.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne wani dare da zazzaɓi ya rufe 'yar autata wajen ƙarfe biyu. Ga mota, ga makulli a hannuna, amma sai da na je na ƙwanƙwasa wa maƙwabci ƙofa, ya fito da magagin barci ya kai mu asibiti a cikin motata. Shin me yake hana irinmu koyo, kuma wanda ya kai shekaruna lokaci bai ƙure masa ba?

Tsohon Direba, Zariya:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ƙara wa yarinya lafiya. Ni da yaron mota na fara, daga baya na yi shekaru ina jan Fijo 504 tsakanin Kano da Kaduna, da na bar hanya kuma na koma koya wa mutane tuƙi, saboda haka na ga irinka da yawa.

Mafi yawan waɗanda suka iya tuƙi tun suna samari ba su ma san ranar da suka koya ba. Yaro ne ake ba shi makulli ya wanke motar babansa, gobe ya tayar da ita ta yi zafi, jibi a ce ya matsar da ita inuwa, kafin a ankara ya iya ribas. Idan ya goge katanga a yi masa faɗa, da yamma ya manta. Wanda ya taso a gidan da ba mota, wannan lokacin ya wuce shi, sai ya zama ya sami kuɗin saye a daidai shekarun da ya riga ya zama maigida, ana gaishe shi ana rusunawa. A nan gizo yake saƙar, domin koyo yana buƙatar mutum ya yarda ya zama ɗan koyo a bainar jama'a, girma kuwa ba ya son haka.

Na taɓa koya wa wani shugaban makaranta, mutum mai kaifin basira, wanda cikin kwana huɗu ya gane giya da kuloci a filin idi. Ranar da muka hau titi, muna shiga shataletale ya saki kuloci da sauri, mota ta yi tsalle ta mutu. Na baya suka danna oda, wani matashi mai keke napep ya leƙo ya ce, "Baba, a koma gida a ɗauko direba." Na ga hannun shugaban makarantar yana rawa a kan sitiyari, gumi ya jiƙa masa hula. Ya ce in karɓa, na karɓa, kuma tun daga ranar bai sake dawowa ba, alhali ya biya kuɗinsa cif. Mota ba ta gagare shi ba, maganar yaron nan ce ta kore shi.

Shawarata, kada ka bari ƙanenka ko ɗanka ya koya maka, domin ba za ka jure gyaransa ba, shi ma nauyinka zai hana shi faɗa maka gaskiya. Ka je makarantar tuƙi da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta amince da ita, tunda dama da shaidarta ake neman lasisi, ka liƙa alamar L ta ɗan koyo gaba da baya ba tare da jin kunya ba, ka kuma riƙa fita bayan sallar asuba kafin titi ya cika. Batun shekaru kuwa, doka ta ce sai mutum ya kai 18, ba ta ce 46 ta yi yawa ba. Ina yaro aka yi canjin hannu a watan Afrilu na 1972, aka koma tuƙi ta dama, kuma direbobi masu furfura suka sake saba ido da hannu, ba su ajiye sana'a ba. Gemu ba ya hana ilimi.

Maman Ilham, Kaduna:

Baba Direba ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ta ɓangaren maza kawai ya duba. Mu mata ko a gidan da akwai mota muka taso, makullin nan yana tsallake mu ne ya faɗa hannun ƙanenmu. Babu wata doka a Najeriya da ta taɓa hana mace tuƙi, ba kamar Saudiyya ba da sai a watan Yuni na 2018 aka ba mata dama, amma al'ada tana yin abin da doka ba ta yi ba. A gidan iyaye a ce ki bari sai kin je ɗakinki, a ɗakin kuma maigida ya ce ina za ki da ba zan kai ki ba.

Ni sai da aka yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Abuja, aka bar ni da kai yara makaranta biyu kowace safiya, sannan na koya, ina da shekara 39. Har yau idan na ɗan yi jinkiri a danja sai in ji an ce "ai mace ce", kamar dai maza ba sa karo. Da farko ina komawa gida raina a ɓace, yanzu kuwa gilashi nake ɗagawa. Malam, ina ba ka shawara idan ka fara ka sa uwargida ma ta koya, domin daren da ka ba mu labari yana iya zuwa kana wajen gari.

Na Gwammaja:

Ni ban yarda kunya ce babban dalili ba. Yawancin manyan da ba su iya tuƙi ba, babu motar ne kuma babu alamarta, to me zai sa mutum ya biya makaranta da lasisin da zai ƙare bayan shekara uku ko biyar bai amfana da shi ba? A Kano acaɓa ya ɗauke wa mutane wannan buƙata har zuwa farkon 2013 da aka hana shi, daga nan A Daidaita Sahu ya maye gurbinsa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta wuce dubu, har masu motar ma da yawa sun jingine ta sun koma babur.

Akwai kuma waɗanda dalilinsu ba ya faɗuwa a majalisa. Yayana ya tsira daga haɗari a hanyar Katsina, wanda yake zaune kusa da shi bai tashi ba, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan ko kujerar gaba ba ya yarda ya zauna. Wani kuma farfaɗiya ce da shi ko raunin gani, yana ɓoyewa, ana yi masa kallon matsoraci alhali ransa da na jama'a yake karewa. Irin waɗannan bai kamata a matsa musu ba.

Baban Sadik, Kano:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gaskiya labarin shugaban makarantar nan kamar da ni ake, domin sau biyu ƙanena yana gwada koya mini, sau biyun muna rabuwa ba daɗi. Na yi magana da wata makaranta nesa da unguwarmu, zan fara ranar Asabar da sassafe. Baba Direba, motata atomatik ce, ba ta da kuloci. Da ita zan koya, ko in fara da mai giyar hannu?

Tsohon Direba, Zariya:

Ka koya da irin wadda za ka riƙa ja kullum, Malam, mai giyar hannu ta jira ka har sai hannunka ya faɗa. Abu ɗaya kawai: ƙafar dama ce take taka totur, ita ce kuma take taka birki, ta hagu ka ajiye ta gefe kamar ba taka ba. Sannan kafin Asabar ka je a auna maka ido.