Albashi ko kwangila, abin da aka tsayar a fadarmu

Gardamar da aka sha a fada nan Yamai kan ɗaukar ma'aikaci ko ba ɗan kwangila aiki, ga abin da ya fito. Masu shago sun ce ma'aikaci tsada gare shi, gaskiya ne kam, tun 2024 albashi mafi ƙanƙanta jikka 42 ne, ga CNSS, asusun fanshon ma'aikata, da kai patoro za ka zuba kasonka, ga ITS, lampon albashi, da za ka cire daga albashinsa ka kai DGI, ma'aikatar lampo, kowane wata, ga konje, in ka sallame shi kuma akwai haƙƙinsa.

Ɗan kwangila shi fakitir kawai zai kawo, lamponsa na kansa, sai dai ka tambayi NIF ɗinsa, lambarsa ta biyan lampo, tukuna, in yana cikin masu TVA kuma, lampon da ake ɗorawa kan farashi, lissafa 19% a bisa. Shi ya sa farashinsa ke fin albashi, ba haɗama ba ce, ba shi da fansho ba shi da konje.

Inda aka fi jan kunne: mutum na zuwa kullum ƙarfe 8, kai ke ba shi umarni, kayan aikin naka ne, to wallahi ma'aikacinka ne ko me kuka rubuta a takarda, ranar da ya kai ƙara inspeksiyon, ofishin da ke duba haƙƙin ma'aikata, za ka biya CNSS na baya.