Wace leda ce ta dace da sitikar robar da ake matsawa?

Mai Sabulun Ruwa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah a ba ni shawara. Sabulun wanka na ruwa nake yi, ina zubawa a farar roba mai laushi, irin wadda ake matsawa. Da sitikar takarda na fara, ruwan banɗaki ya cinye ta. Na koma ta leda, yanzu kuma da an matsa robar sau biyu sai ta yamutse, gefe ya ɗago. Mai buga min sitikar ya ce BOPP ce, wai ita kowa ke sawa. To ina gizo ke saƙar?

Tsohon Ma'aikacin Maɗaba'a: Wa alaikumus salam Hajiya. Juya robar ki duba gindinta, akwai lamba a cikin ɗan alwatika. Nawa ne?

Mai Sabulun Ruwa: 2 ne, Baba.

Tsohon Ma'aikacin Maɗaba'a: HDPE ke nan, wato robar polyethylene irin ta jarka. Mutuminki bai yi ƙarya ba, BOPP, wato ledar da ake yi da robar PP (polypropylene), ta cika kasuwa, sai dai nan ba muhallinta ba ne. Wajen ƙera ta, miƙar da ita ake yi ta tsaye da ta kwance, shi ya ba ta tauri da sheƙi, ruwa da mai ba sa yi mata komai. A jikin kwalba ko roba mai tauri ba ta da ta biyu. Amma taki robar lotsawa take ta dawo, ledar kuwa ba ta iya bin ta. Ki nemi ledar PE, wato polyethylene. Dangin robarki ce, tare suke lanƙwasa. Za ki ji ta fi kauri a hannu, a ma'aunin kaurin leda galibi maikiron 85 ce, BOPP kuwa 50 zuwa 60.

Mai Man Shafawa: Gaskiya Baba ya faɗa, ni ma sai da na yi asarar bugu guda kafin na gane. Amma 'yar uwa, farar PE za ki ɗauka. Wadda ake ganin ciki tana da ɗan hazo, ba ta kai BOPP garau ba. In kin matsa sai garau ɗin, ki tambayi MDO, ledar da ake miƙarwa ta tsaye kawai, ita tsaka-tsaki ce tsakaninsu. Sannan kar ki yarda a ba ki ba laminetin a sama. Turaren da muke sawa cikin kaya yana cin tawada. Nawa rubutun "yadda ake amfani" ne ya fara gogewa, daidai inda yatsa ke riƙewa.

Injiniya: Ku dakata, kar a ɗora wa leda laifin gam. Yamutsewa laifin leda ne, na yarda. Ɗagowar gefe kuwa sau da yawa gam ne. HDPE da PP santsi gare su, gam ba ya kama su kamar yadda yake kama kwalba ko robar PET mai lamba 1 (irin ta gorar ruwa), don haka a gaya wa mai bugu irin robar tun farko ya zaɓi gam ɗin da aka yi dominta. Hajiya, kina liƙawa kafin ki zuba sabulun ko bayan kin zuba?

Mai Sabulun Ruwa: Bayan na zuba, Yallaɓai. Nakan dai goge da tsumma.

Injiniya: To ga rabin matsalar nan. Ɗan santsin sabulun da ya rage ya isa ya hana gam zama. Ki liƙa a busasshiyar roba, ki bar ta awa 24 kafin ta ga ruwa. Kuma a yanka miki kusurwoyin a zagaye, mai tsini ita ke fara ɗagowa.

Sabon Shiga: Malamai, me zai hana ta sa PVC, irin ta sitikar mota? Tana da laushi, rana ma ba ta kashe ta da wuri.

Mai Narka Robobi: A'a ɗan uwa, don Allah a bar PVC a jikin mota da allon talla. Mu da muke sake sarrafa roba ita ce ciwon kanmu. In muka niƙa gorunan PET, cikin ruwa muke zubawa: PET ya fi ruwa nauyi, wajen 1.38, sai ya nutse. PP da PE ba su kai 1 ba, sai su taso mu kwashe. PVC kuwa tare da PET take nutsewa, in aka zo narkawa ta ƙone ta ɓata kayan duka. Mai gorar PET ya sa BOPP da gam mai fita a wanki. Ke Hajiya, PE a kan HDPE, ba mu da ƙorafi.

Sabon Shiga: Na karɓi gyara. Tambaya ɗaya kuma: zan iya buga BOPP a firintar leza ta gida?

Tsohon Ma'aikacin Maɗaba'a: Kul! PP na narkewa a wajen digiri 160, abin gasa tawadar firintar kan wuce haka. Za ta naɗe a ciki ka yi asarar injin. Ledar PET wadda aka rubuta ta leza ce za ka nema, ita sai wajen digiri 250 take narkewa. Shi ya sa ita ake liƙa wa kayan lantarki.

Mai Sabulun Ruwa: Allah ya saka da alheri. Farar PE, gam na HDPE, laminetin, kusurwa a zagaye. Guda nawa zan fara bugawa?

Tsohon Ma'aikacin Maɗaba'a: Ko ɗaya tukuna, 'yata. Ki karɓo samfuri kamar goma. Ki liƙa, ki jira kwana ɗaya, sannan ki ajiye wasu a banɗaki ana aiki da su, wasu a rana, ɗaya ki jiƙa a bokiti. Ki manna salatif a kan rubutun ki fizge. In tawada ta biyo shi, ledar ba ta karɓi bugun ba, a canja. Bayan sati biyu ki turo mana hotonsu.