Wa ke yanke wa jirgin sama tsayin da zai bi?

Bakano: Assalamu alaikum. Allon da ke gaban fasinja yakan nuna ƙafa 37,000 idan jirgi ya tashi daga Kano zuwa Jidda, amma a hanyar dawowa sai a ga 36,000 ko 38,000. Shin matuƙi ne ke zaɓa yadda ya ga dama, ko akwai dokar da ta tsara hakan?

Tsohon Matuƙi: Wa alaikumus salam, Malam. Doka ce, kuma galibin ƙasashe suna aiki da ita. Jirgin da ya fuskanci ɓangaren gabas, wato daga digiri 0 zuwa 179 a kamfas, ana ba shi lamba mara kamar 35,000 ko 37,000, wanda ya nufi yamma kuwa lamba cika yake samu, domin kada jirage biyu masu fuskantar juna su haɗu a tsayi ɗaya. Matuƙi yakan nemi tsayin da ya dace da nauyin jirginsa da yawan mansa, amma masu kula da zirga-zirgar jirage ne ke ba da izini. A tsayin ƙafa 29,000 zuwa 41,000, tazarar da ake bari tsakanin jirgin da ke sama da wanda ke ƙasa da shi ƙafa 1,000 ce kacal. A da 2,000 ce, kuma a 2008 Afirka ta koma sabon tsarin.

Injiniya: Ranka ya daɗe, a ba ni dama in ƙara abu guda. Na'urar auna tsayi da matsin iska take aiki, shi kuwa matsin yana sauyawa daga gari zuwa gari. Saboda haka da zarar jirgi ya wuce wani tsayi da kowace ƙasa ta ƙayyade (a Amurka ƙafa 18,000 ne), dukkan matuƙa suna saita na'urarsu a kan matsi ɗaya, wato 1013 a ma'aunin matsin iska, don ma'aunin kowa ya zama ɗaya. Wajen sauka sai a koma kan matsin filin jirgin.

Tsohon Matuƙi: Gaskiya ne, Injiniya, kuma ba a wasa da ƙafa dubun nan. A Nuwamban 1996, kusa da Delhi a Indiya, an umarci wani jirgin Kazakistan ya tsaya a ƙafa 15,000, amma ya ci gaba da gangarowa har ya yi karo da jirgin Saudiyya da aka bai wa 14,000. Mutum 349 suka rasu. Bayan wannan hatsari ne Indiya ta wajabta wa jiragen fasinja ɗaukar na'urar da ke gargaɗin matuƙi idan wani jirgi ya kusanto shi.